Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Mai Son Koyon Nutso a Teku, Daga Ina Zai Fara?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan makon kusan duk a kan ruwa suke. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma 'ya'yanta sun bazu: masu karatu a Masar, masu aiki a Jidda, da masu zuwa Umara su ɗan zaga gari kafin ranar komowa. A can suke ganin mutane na goya tukunyar iska suna shiga ƙarƙashin teku, sha'awa ta kama su. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne daga Jega, ina karatu a Alƙahira. Abokaina sun shirya mu je Dahab, bakin Bahar Maliya, mu gwada nutso da tukunyar iska. Na iya iyo tun ina yaro a gulbi. Sun ce in dai wurin ba zurfi, ba wani haɗari. Haka ne? Wane irin wuri ya dace da sabon shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar abokanka akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba.

Duk mita 10 da ka sauka a teku, ruwa na ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke danne mu a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya zama uku, a mita 30 huɗu. Duba lissafin da kyau. Daga saman ruwa zuwa mita 10 ninkawa ya yi gaba ɗaya, amma daga mita 20 zuwa 30 kashi ɗaya cikin uku kawai ya ƙaru. Ashe canji mafi girma a wurin da abokanka suka raina yake faruwa. In ka cika huhunka da iskar tukunya a mita 10, wani abu ya firgita ka, ka riƙe numfashi ka yo sama, iskar nan za ta kumbura ta ninka girmanta kafin ka fito. Huhu na iya yagewa, iska ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa, mutum ya fito da alamun shanyewar ɓarin jiki. Tasowar mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe ta isa ta yi ɓarna.

A nan ne iya iyonka ya fi damuna. Yaron gulbi ya saba da zarar kansa ya nutse sai ya kame numfashi, jikinsa na yin haka ba da shawararsa ba. Da tukunyar iska kuwa doka ta farko ita ce ka yi ta shaƙa kana fitarwa, kada ka tsaya ko sau ɗaya. Don haka kada ka yarda a tsallake maka darasin farko da ake yi a kwamin ninƙaya ko a ruwa iya ƙirji, wai don kai gwani ne.

Duk da haka wuri marar zurfi shi ne na mai koyo, ba tantama. Iskar tukunya ta fi daɗewa, jiki ba ya shan naitirojin da yawa (wani ɓangare ne na iskar da muke shaƙa, mai narkewa cikin jini a ƙarƙashin ruwa), kuma abin kallon ma a nan ya fi kyau, domin launin ja yana fara dushewa tun wajen mita 5. Ƙungiyar PADI, wadda yawancin makarantun nutso na can ke bin tsarinta, ta ƙayyade mita 12 ga mai gwajin ranar farko tare da malami, mita 18 ga wanda ya samu takardar shaidar matakin farko. Ni dai in ka tambaye ni, mita 5 zuwa 8 sun ishe ka a ranar farko.

Zurfin da aka rubuta a allo ba shi kaɗai za ka duba ba. Tambayi malamin: me ke ƙarƙashina? Kana son wurin da ƙasansa rairayi ne mai gangarowa a hankali, wanda ko ka kasa daidaita kanka, yashi zai tare ka a mita 8 ka durƙusa ka natsu. Ba ka son gefen dutsen murjani da ke tsaye kamar an yanka, inda mita 6 da mita 40 taku ɗaya ne tsakaninsu. A Dahab ɗin ma akwai duka biyun. Wurin da ake kira Lighthouse, nan ake yawan koyar da sababbi, da ƙafa ake shiga daga gaɓa. Blue Hole kuwa rami ne da zurfinsa ya kai mita 100, bakinsa na da kyau kuma ba zurfi, amma ya ci ƙwararru da yawa. Ka je ka yi hoto a gaɓarsa in kana so, ka bar shi haka nan.

Sai ka nemi lungun da iska ba ta kaɗa shi, ruwan ba ya ja, ana hangen ƙasa daga sama, kuma jiragen ruwa masu inji ba sa ratsawa ta kanku. Wannan ne ya sa ba na ba sabon shiga shawarar farawa a buɗaɗɗen bakin tekun Legas, inda igiya ke da ƙarfi, ruwan kuma na jan mutum ciki. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya zai riƙa, ko suna da tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a wurin, da kuma inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato ɗakin da ake jinyar wanda nutso ya yi wa illa. Kafin ka shiga, duba agogon tukunyar, cikakkiya wajen lamba 200 take nunawa, kuma ana fitowa ne da ragowar 50. Sa bututun a baki ka shaƙa tun kana tudu. In ka ji warin mai ko hayaƙin inji, ajiye ta, a ba ka wata.

Tambaya: Likita, ina gaisuwa. Maigidana yana aiki a Jidda, za mu kai masa ziyara da yara daga Birnin Kebbi. Babban ɗana, shekararsa 19, yana da sikila, SS ne. Ya dage sai ya yi nutso. Na ce tunda oksijin ne a tukunyar irin na asibiti, ƙila ma ya amfane shi. Ƙanwarsa kuma AS ce.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, amsar ɗanki a'a ce, kuma ba ta da sauƙaƙawa. Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin na asibiti ba ne. Iskar da muke shaƙa ce aka danna a ciki, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. Zallar oksijin ma guba yake zama in an wuce mita 6. Sannan abubuwan da kika san suna tayar masa da ciwo duk suna jiransa a can: sanyi, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki ko da teku mai ɗumi ce, ga gajiya, ga bushewar jiki, don iskar tukunya busasshiya ce kuma nutso na sa yawan fitsari. In ciwon ya tashi a ƙarƙashin ruwa ba wanda zai sa masa ƙarin ruwa. In kuma ya fito yana kukan gaɓoɓi, likitan can zai sha wuyar gane ko sikilar ce ko ciwon nutso ne, wato kumfar naitirojin da ke taruwa a jiki in an taso da sauri, alhali maganinsu daban. Akwai ƙananan jiragen ruwa masu gilashi a ƙasa, ya zauna a inuwa ya ga kifi da murjani son ransa.

Ƙanwar tasa mai AS, yawancin likitoci na barin irinta bayan an duba ta, da sharaɗin ta sha ruwa sosai kada kuma ta wahalar da kanta.

Tunda an zo nan, bari in haɗa da sauran da wannan magana ta shafa. Mai farfaɗiya, mai juna biyu, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa haka kawai, su haƙura. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da ke allurar insulin, da wanda ya taɓa jinyar tarin fuka, kada su shiga sai likita ya duba su. Na tarin fukar ya fi yawa a wajenmu, kuma tabon da yake bari a huhu na iya tare iska lokacin tasowa, don haka hoton ƙirji da gwajin numfashi wajibi ne. Takardar tambayoyin lafiya da ake ba ku kafin shiga, ku cika ta da gaskiya. Na san halinmu, kuɗi sun riga sun fita, sai mutum ya bi layi yana "babu, babu".

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Yauri. Ko a kogin Neja na nutsa kaɗan sai kunnena ya ɗau zafi. Ina yaro kunnen ya taɓa zubar da ruwa. Zan iya nutso a teku?

Amsa: Malam, zafin nan matsin ruwa ne ke tura fatar dodon kunne ciki. Akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, ita ke kai iska ta daidaita. Ana toshe hanci da yatsu a hura a hankali, ko a haɗiye yawu, tun daga sama kuma kowace mita, kafin zafi ya zo. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa, kada ka matsa da ƙarfi. Mai mura ba ya nutso, kuma kada ya yaudari kansa da maganin buɗe hanci, don yana iya sakinsa yana ƙasa, iska ta kasa fita lokacin tasowa. Amma kai abin da ya fi muhimmanci shi ne ruwan da kunnen ya zubar. Je wa likitan kunne ya leƙa. In akwai huda a fatar, ruwa zai shige, jiri ya kwashe ka har ka kasa bambance sama da ƙasa.

Tambaya: Likita, bayan Umara ina so in yi nutso a Jidda da safe, jirginmu kuma zai tashi da dare. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Alhaji. A ƙarƙashin ruwa naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka, yana kuma bukatar lokaci ya fita ta numfashi. In matsi ya ragu da sauri, sai ya yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya. Matsin iskar cikin jirgi daidai yake da na tsauni mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Ƙa'idar da aka sani ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya. Ni awa 24 nake ce wa mutanena, hankali ya fi kwanciya. Hawa Ta'if a mota ma hukuncinsa ɗaya, don garin a kan tsauni yake. Lokacin tasowa kuma a hankali ake yi, a tsaya minti 3 a mita 5. In bayan fitowa ka ji ciwon gaɓoɓi, kasala mai tsanani, mutuwar hannu ko ƙafa, ko jiri, a ba ka oksijin a kai ka asibiti, ka faɗa musu ka yi nutso. In kuma Umarar azumi ce, bar shi sai wani zuwan.

Tambaya: Likita, mu 'yan Argungu ne, muna shirin gasar nutso ta kabanci. Wani ya koya muna mu yi ta jan numfashi da sauri kafin mu nutsa, wai mun fi daɗewa. Kuma ƙanena na fitsari da jini.

Amsa: Samari, ku bar wannan dabara tun yau. Abin da ke tilasta wa mutum ya fito ya shaƙi iska shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa. Jan numfashi da sauri yana kore ta ne kawai, ba ya ƙara oksijin na a zo a gani. Sai oksijin ya ƙare mutum bai ji komai ba, ya suma a ƙarƙashin ruwa, ko da iya wuya ne. A kogin Matan Fada na Argungu kuma, da ba a ganin ƙasansa, kafin a lalubo shi an makara.  In kuna gwaji, ɗaya ya nutsa, ɗaya ya tsaya a kansa yana kallo, kada ku nutsa tare.

Ƙanenka kuwa, da alama tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwan gulbi da fadama ta shiga ta fata, ba ta rayuwa a ruwan gishiri na teku. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, kuma in an bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda. A kai shi a gwada fitsarin. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, a sha bayan an ci abinci. Kai da sauran abokan wankan nasa ku ma ku ba da naku fitsarin a duba, ko da ba ku ga jini ba.