Bayani ɗaya, siffa uku: JSON, XML da CSV

Tambaya: Malam, ina gina manhajar intanet ta wani kantin magani. Ana son bayanan kantin a siffofin rubuta bayanai uku: manhajar waya tana son JSON, kamfanin da ke kawo mana kaya yana son XML, akanta kuma CSV yake so. Na rubuta fankshin uku, kowane yana harhaɗa rubutun da hannu. Yanzu duk gurbin da na ƙara sai na gyara wuri uku. Ina mafita? (Daga Zariya)

Amsa: Haba ɗan'uwa, wa ya aike ka harhaɗa JSON da hannu? Ranar da sunan magani ya zo da alamar &, XML ɗinka ya fashe. Ranar da aka sa waƙafi a adireshi, CSV ya wargaje, akanta ya ga lambar waya a gurbin farashi. Laburare, wato shiryayyen kod da wasu suka riga suka rubuta, an yi su ne domin wannan wahalar, ka bar musu aikinsu.

Ka raba aikin gida biyu. Wuri ɗaya tak zai yanke waɗanne gurabe ne za su fita daga rumbun bayanai, da wane suna. Wani wurin daban ya mayar da su siffar da aka nema. Miya ɗaya ce, kwanukan ne daban. Django REST Framework, wani laburaren Python, yana kiran na farko serializer, na biyu renderer. JSON yana zuwa da shi, XML da CSV sai ka ɗora ƙarin fakiti. Mai nema zai faɗi abin da yake so a hedar Accept, layin da ke saman buƙatarsa, wato application/json, application/xml ko text/csv. In ya nemi abin da ba ka da shi, ka mayar masa da 406, lambar da ke nufin babu siffar da ya nema.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu rubuta fields = '__all__' a serializer, wato a fitar da duk gurabe, saboda ƙyuya. Yau teburin yana da gurabe biyar, gobe abokin aikinka ya ƙara farashin sari ko bayanan sirrin kwastoma, sai su fita waje ta siffa uku a lokaci ɗaya, ba wanda ya lura. Ka jera gurabe da sunansu, ɗaya bayan ɗaya, ko da ashirin ne. Kuɗi kuma ka tura su a kobo, cikakkiyar lamba, domin a JavaScript 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Kwanan wata ka bi ISO 8601, kamar 2024-03-05. In ka rubuta 05/03/2024, mutumin Amurka zai karanta 3 ga Mayu, kai kuwa 5 ga Maris kake nufi. CSV shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ɗaukar jeri a cikin jeri, don haka kai za ka yanke yadda rasit mai magani huɗu zai kwanta a layuka.

Tambaya: Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna lalacewa in na buɗe CSV a Excel. (Daga Maraɗi)

Amsa: Ka fitar da fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 mai BOM, wato alamar da ke farkon fayil da ke nuna wa Excel tsarin. A Python, utf-8-sig ke nan.

Tambaya: Sifirin farkon lambobin waya yana ɓacewa a CSV ɗina. (Daga Jos)

Amsa: Yana nan, buɗe fayil ɗin a Notepad ka gani. Excel ne ya ɗauke su lambobin lissafi. Shigo da gurbin a matsayin rubutu.

Tambaya: In koma Protocol Buffers? An ce ya fi sauri. (Daga Kumasi)

Amsa: Wata siffar tura bayanai ce da Google ya saki a 2008, kuma tana da amfani tsakanin saba (server) da saba masu cunkoso. Manhajarka mai kwastoma ɗari ba ta kai nan ba, zauna a JSON, wanda za ka iya karantawa da idonka in matsala ta taso.