Batirin jirgina ya kumbura, in ci gaba da yi mai caji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne nan Argungu, na haɗa ɗan jirgin sama mai rimot da farin kumfan nan da ake naɗo firij da shi. Batirin LiPo ne (irin na lithium da ake sa wa jiragen rimot) 3S, 2200mAh, wata uku yana min aiki lafiya lau amma yanzu minti biyu da tashi sai jirgin ya rafko ƙasa, kuma naga batirin ya ɗan tasa kamar burodi. Jar waya da baƙa kawai nake jonawa a caja, waccan ƙaramar farar mai wayoyi huɗu ban taɓa taɓa ta ba. Dan Allah mi ya jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi naji daɗin wannan himma taka, Allah ya ƙara basira. Amma wannan batirin ka haƙura da shi tun yau, kar ka sake sa mai caji, kar kuma wani ya ce maka a huda shi da allura iskar ta fita, yana iya kama wuta nan take kuma wutar ba ta da sauƙin kashewa.

Farar wayar nan da ka raina ita ce maganar gaba ɗaya. 3S ɗin da ka gani rubuce nufinsa sel uku ne, wato ƙananan batura uku, a ciki a jere, kowanne in ya cika 4.2V ne, duka ukun 12.6V kenan. To in ka jona manyan wayoyi kaɗai cajar jimilla take gani, sai ɗaya ya haura 4.3 wani yana 4.1 ita kuwa a wurinta lissafi ya cika, wanda ya haura ɗin shi ke lalacewa ya tara iska, shi kuma na ƙasan shi ke fara ƙarewa a sama ya kayar maka da jirgi. Ta farar wayar ne caja ke duba kowane sel ta daidaita su, abin da ake ce ma balans.

In ka sayi sabo ka nemi caja mai balans irin iMAX B6, ka sa ta a 2.2A tunda naka 2200mAh ne, kar gaggawar kafin a ɗauke wuta ta sa ka ƙara. Ka sayi ɗan abin gwajin nan da ake maƙalawa a farar wayar, baida tsada, yana nuna kowane sel daban. Bayan caji in ka ga tazarar tsakanin sel ɗin ta kai 0.1V ko fiye to akwai magana. Ka riƙa sauko da jirgi sel na wajen 3.6V, in ya faɗi ƙasa da 3.0V ya ji ciwon da ba ya warkewa.

Sai zafin garinmu, kasan yadda Maris da Afrilu suke a Kebbi, ana wuce digiri 40. Kar ka bar shi cikin but ɗin mashin a rana, kuma in ka sauko yana da zafi ka bari ya huce tukun. In za ka kwana biyu baka tada jirgin ba kar ka aje shi cike, ka sauke shi zuwa 3.8V kowane sel, cajar na da wurin yin haka.

Ni a tsohuwar tukunyar ƙasa nake yin nawa cajin, a tsakar gida kan siminti, bokitin yashi na gefe, kuma bana barin wurin sai cajar ta yi ƙarar gamawa. Shi ma kumburarren naka can zaka kai shi cikin yashi nesa da katifa da ƙannenka.