Ga ƙanena mai son zuwa Kanada gyaran injin zuƙar ƙura

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka yi aiki a sashen tace ƙura na kamfanin siminti da ke Kalambaina, in nemo maka gurbi a nan birnin Winifeg na Kanada. Ka san ƙura, ban musa ba. Amma ƙurar Sakkwato busasshiya ce, hunturunmu ma iyakarsa fasa leɓe. Nan ruwa ne ke tsayar da inji.

A watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Iska mai ɗumi da laima ta baro cikin masana'anta, ta shiga akwatin tacewa da ke waje, ta tarar da ƙarfe mai sanyi, sai raɓa. Ƙura ta jiƙe, ta kama buhunan tacewa kamar an yaɓe su da laka. Allurar gejin matsi, mai nuna yadda buhunan suka toshe, ta wuce inci 6, zuƙa ta mutu. Sabon zuwa sai ya ce a canza buhuna. Kul! Hau sama tukuna ka kasa kunne ga bawul ɗin da ke harba iska tana kakkaɓe su. In ba ka ji tas-tas ɗin nan ba, ruwan iskar kwamfuresa ya daskare a ciki. Na'urar busar da iskar kwamfuresa irin ta firji tana hana raɓa ne kawai zuwa wajen digiri 3 sama da sifili. Bututun da ya fita waje sai na'urar busarwa mai tsakuwar shan laima, wadda ke kai 40 ƙasa da sifili. Wata rana kuma gejin ne ke ƙarya, ƙanƙara ta toshe siririn tiyonsa.

In mazurarin ƙasan akwatin, inda ƙura ke zubowa, ya cushe, duba wayar da ke ɗumama shi. Kada ka kuskura ka kusanto da wuta don narkarwa, ƙurar hatsi da katako da sukari tana fashewa. A 2008 ta kashe mutum 14 a matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka.

Duk wannan a kan tsani ake yi da tsakar dare, yatsu sun ƙage cikin safar hannu, ku kuwa kuna can kuna cewa Yaya na kwasar dala. Da takardata ta injiniya na zo, tsintsiya aka miƙo min. Sai da na ci jarabawar Red Seal, wato shaidar ƙwarewar sana'a ta Kanada, a fannin gyaran injunan masana'antu aka fara sauraren maganata, yau ni ake tasa daga barci in inji ya tsaya. In har ka nace, karɓo takardar shaidar awannin aikinka da sa hannun shugabanka, don ita za a fara tambayarka.