Baƙi Sun Ragu a Gidan Tarihinmu, Shin Talla Ce Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a wani gidan adana kayan tarihi da ke ƙarƙashin hukumar birni. Shekara da shekaru baƙinmu sai raguwa suke yi. In ba 'yan makaranta aka kawo ba, wata rana sai mu wuni muna kallon ƙofa. Mun buga fosta, mun buɗe shafin Facebook, amma shiru. Yanzu shugabanninmu sun ce mu kawo tsarin talla, ga shi kuɗin da za a ware ba su taka kara sun karya ba. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce kada ku taɓa kuɗin tallan nan tukuna. Talla kiran mutum take yi, ba ta iya sa shi ya dawo. Gidan tarihin birni kuwa da masu dawowa yake rayuwa, domin mutanen garin su ne kasuwarsa. Gidan tarihin Louvre na Faransa ya karɓi mutum miliyan 10.2 a 2018, amma mafi yawansu 'yan yawon buɗe ido ne daga ƙasashen waje, kullum sababbin fuskoki. Ku ba haka kuke ba. Wanda ya zo yana ɗan firamare, ya ga akwatunan gilashi da rubutun da ya koɗe, in ya ji tallanku yau abin da zai ce a ransa shi ne, "Ai na taɓa zuwa." Wannan maganar ita ce babbar matsalarku, kuma fosta ba ta warkar da ita.

Ku fara da littafin baƙi. Ku raba alƙaluman shekarun baya gida-gida: 'yan makaranta, iyalai, baƙin da suka zo daga wani gari, masu bincike. Su wa suka daina zuwa, kuma tun yaushe? In faɗuwar ta zo a lokaci guda, a nemi abin da ya faru a wannan shekarar: an ƙara kuɗin shiga, an canza lokacin buɗewa, an rufe wani ɗaki, ko motar haya ta daina bi ta ƙofarku. Kada a manta da annobar korona. A 2020 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya sun rufe na wani lokaci, shi kansa Louvre baƙinsa sun faɗo zuwa miliyan 2.7 a shekarar. Makarantu da yawa da suka dakatar da ziyara a lokacin ba su sake sa ta a jadawalinsu ba, sai an bi su. In kuwa raguwar a hankali take tafiya, to abin da ke cikin gidan ne ya tsufa a idon jama'a.

Daga nan sai ku fita waje ku tambayi waɗanda ba sa zuwa. Wata mai bincike a Amurka, Marilyn Hood, ta yi irin wannan aiki a birnin Toledo, ta wallafa sakamakonsa a 1983. Abin da ta gano har yau yana aiki: masu ƙaurace wa gidan tarihi ba ƙin ilimi suke yi ba. In sun sami hutu, suna neman wurin da za su sake, su yi hira da 'yan'uwa da abokai, su taɓa abu da hannunsu, su kuwa suna ganin gidan tarihi wuri ne na tsit da "kada ka taɓa". Shi ya sa nake ba wa abubuwan da ake rainawa muhimmanci: wurin zama ga tsofaffi, banɗaki mai tsabta, bayani gajere cikin harshen da mutanen garin ke ji, da mai gadin da zai tarbi baƙo da fara'a. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko kwabo daga kasafinku.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato zamanku ƙarƙashin hukumar birni. A wurare da dama kuɗin tikiti asusun hukuma yake tafiya, ba ya dawowa gidan. Ma'aikata a tsarin aikin ofis suke, saboda haka ana buɗewa lokacin da jama'a ke wurin aiki, a rufe lokacin da suka tashi. Sanarwa guda sai ta bi tebur uku kafin a sa ta a intanet, kafin nan taron ya wuce. Ba laifin ma'aikata ba ne, tsarin ne bai dace da wurin da ke neman baƙi ba. Birnin Paris ya mayar da kallon kayan dindindin na yawancin gidajen tarihinsa kyauta a 2001, sannan a 2013 ya haɗa guda 14 ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna Paris Musées, wadda ke tafiyar da kasafinta da shirye-shiryenta. A Detroit ta Amurka, inda a lokacin birni ne ya mallaki babban gidan zane-zane, mazauna gundumomi uku sun kaɗa ƙuri'a a 2012 suka amince da ɗan ƙarin haraji don riƙe gidan, su kuma aka ba su shiga kyauta. Ba ina cewa ku kwaikwayi waɗannan manya ba. Amma takardar da za ki kai wa shugabanni ta ƙunshi buƙatu irin nasu daidai ƙarfinku: a bar wa gidan wani kaso na kuɗin shiga, a yarda ku riƙa buɗewa da yamma ko a ranar hutu ko da sau ɗaya a mako, a ba mutum ɗaya izinin wallafa abu a shafinku ba tare da jiran sa hannu ba.

Game da soke kuɗin shiga, a yi hattara. Da aka mayar da manyan gidajen tarihin ƙasa na Ingila kyauta a Disamba 2001, baƙi sun ƙaru sosai, sai dai kaso mai yawa na ƙarin irin mutanen da dama ke zuwa ne suka yawaita zuwa. Kyauta tana cire shinge ɗaya ne kawai.

Abin da zai dawo da mutum shi ne sabon abu, kuma kuna da shi. Kusan kowane gidan tarihi abin da ke ɗakin ajiyarsa ya ninka wanda ke waje. Ku ware kusurwa guda, duk wata uku ku canza ta. Ku nemi mutanen unguwanni su kawo tsofaffin hotunan iyayensu da kayan sana'arsu a baje na ɗan lokaci da sunayensu a jiki. Duk wanda hoton kakarsa ke rataye a bangonku zai zo, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Sai an yi wannan ne talla za ta sami abin faɗa. Ku daina tallan gini, ku tallata abu ɗaya da rana ɗaya: kaza za a nuna, ranar kaza, ƙarfe kaza. Ɗan bidiyo na minti guda da waya, ma'aikaci riƙe da kaya ɗaya yana ba da labarinsa, ya fi hoton ƙofar shiga jan hankali. Malaman makaranta kuwa a je musu da ƙafa, da takardar da ke nuna darasin da ziyarar za ta taimaka wa, kuma kowane yaro ya koma gida da katin gayyatar iyayensa. Ranar 18 ga Mayu, wadda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta ware tun 1977, dama ce ta samun 'yan jarida ba tare da biyan kuɗi ba.

A ƙofa kuma ku riƙa yi wa kowane baƙo tambaya biyu kuna rubutawa: "A ina ka ji labarinmu?" da "Ka taɓa zuwa?" Bayan wata shida, amsoshin nan za su nuna miki inda ya kamata ɗan kuɗin ya tafi, kuma su ne hujjar da za ki ajiye a gaban hukuma ranar kare kasafi.