Abincin kajin gida wanda ba a sa masa sinadari ba

Malama, kin tambayi yadda za ki zaɓa wa kajinki na bayan ɗaki abincin da aka noma ba tare da takin zamani ko feshi ba. A nan Sakkwato, shawarata ita ce ki haɗa da kanki, domin rubutun jikin buhu ba zai gamsar da ke kamar sanin manomin da ya ba ki dawa da gero ba. Ki tambaye shi ko ya zuba maganin ƙwari a rumbu, saboda a wurin ajiya ne guba ta fi shiga hatsi.

Hatsi kaɗai ba ya isar kaza mai ƙwai, tana bukatar furotin, wato abin gina jiki, kimanin kashi 16 cikin 100 na abincinta. Ki ƙara waken soya, amma sai an gasa shi, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci, sannan garin zogale da dakakken ɓawon ƙwai don ƙarfafa ɓawon ƙwan da za ta saka. Ki damƙi dusa a hannunki ki shinshina. Idan ta dunƙule ko tana warin fumfuna, musamman da damina, kada ki saya.