Tambaya da Amsa: Yadda mabiya Hindu ke horar da zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ƙanena da ke karatu a Indiya ya ce mabiya addinin Hindu na da hanyar da mutum ke sanin kansa har ya sake hali, mai saurin fushi ya koma mai haƙuri. Yaya abin yake a aikace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A wurinsu sai ka ga hali da idonka kafin ka iya gyara shi. Littafinsu Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, ya kasa ɗabi'a gida uku a babi na 14: sattva, natsuwa da hasken hankali, rajas, zaƙuwa da kwaɗayi, tamas, kasala da duhun kai. Kowa na da ukun, sai dai ɗaya kan danne sauran, kuma abin na sauyawa ko a yini guda. Aikin farko shi ne mutum ya gane wanne ke jan ragamarsa yanzu.

Suna zama kafin gari ya waye, ciki ba nauyi, baya da wuya da kai a miƙe. Ɗan koyo minti 10 sun ishe shi. Zai bi numfashinsa, shiga da fita, ba tare da ya matsa masa ba. Tunani zai kutso, ko bashi ko wata baƙar magana da aka yaɓa masa jiya a kasuwa. Ba zai kore shi ba, ba zai bi shi ba. Zai ce a ransa "ga fushi nan", ya koma kan numfashi. Kamar ruwan Gulbi ne da damina: ki zuba a randa ki bar shi, laka ta kwanta da kanta, in kika sa hannu sai ya ƙara gurɓata. Mai yin haka kullum kan fara jin fushi tun yana tasowa a ƙirji, kafin ya kai baki, kuma nan ne ake samun damar sauya hali.

Masu tallar yoga, wato irin wannan horon jiki da zuciya, a intanet kan tsallake wani abu. Malaminsu Patanjali ya jera matakai 8, zama na uku ne, numfashi na huɗu. Biyun farko tarbiyya ce zalla, irin su gaskiya, barin cutarwa, barin sata, kamun kai, tsabta da wadatar zuci. Ga mugun tunani kuwa, maganin da ya bayar shi ne a kawo kishiyarsa da gangan.

Inda ake ɓata rawa: wasu gyangyaɗi ke kwashe su, su ɗauka natsuwa ce, alhali tamas ne. Dalilin yawanci cika ciki ne ko ƙarancin barci, shi ya sa babi na 6 na Bhagavad Gita ya ce abin bai yiwuwa ga mai wuce gona da iri a ci ko barci, haka ma mai tauye su. Riƙe numfashi ba tare da malami ba na kawo jiri. Mai ciki da mai hawan jini su bar shi.

Sai batun aƙida, Malama, don kada a ruɗe. Sa ido kan zuciya ya yi kama da muhasaba da malamanmu ke koyarwa, amma inda aka dosa daban. Wani malaminsu, Ramana Maharshi, wanda ya rasu a 1950, ya koyar da bin tambayar "Wane ne ni?" har tushe, kuma a mazhabar Advaita amsar ita ce ainihin ran mutum da Brahman, asalin komai, abu guda ne. Wannan ya saɓa wa tauhidi, inda bawa bawa ne, Ubangiji kuma Ubangiji. Su kansu Hindu ba duka suka yarda da haka ba: mazhabar Dvaita ta malaminsu Madhva ta raba rai da abin bauta.