Wace hayaniya zan ba manhaja kafin ta nemo tushen sigina a ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Malam, ina nazarin bayanan MEG (na'urar da ke auna maganaɗisun da aikin ƙwaƙwalwa ke fitarwa) na mutanen da aka kunna wa sauti a kunne. Manhajar MNE, wadda nake nemo tushen sigina da ita, ta ƙi ci gaba sai na ba ta ƙiyasin hayaniya, wato na abin da na'ura ke kamawa wanda ba shi nake nema ba. Ina da ɗaukar da na'urar ta yi a ɗaki babu kowa, ina kuma da ɗan lokacin da ya gabaci kowane sauti. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, a aikinka ɗauki lokacin da ya gabaci sautin, kamar milisakan 200 kafin a kunna shi. Abin da kake nema shi ne martanin ƙwaƙwalwa ga sautin. Duk abin da take yi kafin nan, har da bugun alfa mai kai-komo kusan sau 10 a sakan, hayaniya ce a wurinka. Ɗakin da babu kowa bai san da wannan ba, ƙarar na'ura da ta muhalli kawai yake kamawa. Ya fi amfani idan ƙwaƙwalwar mutum a zaune yana hutawa kake nazari, inda babu wani "kafin" da za ka yanko. A EEG kuwa, wato auna lantarkin ƙwaƙwalwa da wayoyi, babu zaɓin ɗaki babu kowa, don wayoyin sai sun taɓa fatar kai.

Dalilin da manhajar ta dage: na'urar MEG ta Neuromag tana da tashoshin awo 306, guda 102 masu auna ƙarfin maganaɗisu, 204 masu auna bambancinsa daga wuri zuwa wuri, kowane rukuni da nasa ma'auni. Ƙiyasin ne ke mayar da su kan mudu ɗaya, ya rage wa tasha mai yawan ƙara nauyi.

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne tacewa. Duk tacewar da ka yi wa bayananka, yi wa hayaniyar irinta daidai. In ka yi tacewar Maxwell, mai cire ƙarar da ke zuwa daga wajen kai, tashoshin nan 306 sun koma wajen 70 masu zaman kansu, kuma dole lissafi ya san da haka, in ba haka ba taswirar ƙwaƙwalwar za ta fito da haske inda babu komai. Idan gwaje-gwajenka kaɗan ne, yi amfani da hanyar lissafi ta masana Ledoit da Wolf ta 2004 don daidaita ƙiyasin.

Don Allah kada ka wuce ba ka duba ba. Zana matsakaicin martanin bayan an daidaita shi da ƙiyasin. Kafin sautin ya kamata layin ya kwanta kusa da 1, sannan ya tashi wajen milisakan 100 bayan sautin. In ya yi nisa da 1 tun kafin sautin, koma ka binciki tacewarka.